Babi na Bakwai: Idan Daɓe Ya Fara Tashi

A bakin ƙofa daɓe yake fara mutuwa. Nan kowace ƙafa take sauka, nan yashin tsakar gida yake shigowa manne da takalmi, nan kuma feshin ruwan sama yake taɓawa idan iskar gabas ta kaɗo shi cikin watan Agusta. Daga bakin ƙofa sai gindin randa, inda ɗigon moɗa ba ya yankewa rani da damina, sannan ƙarƙashin ƙafafun gado. Duk matar da ta shekara biyu a ɗakinta a Urafane, a ƙasar Tasawa, ta san wannan jerin ba tare da wani ya karanta mata ba. Da fari ƙyallin ne zai dushe. Daga nan tsintsiya ta fara fitowa da jan gari, wanda ba iska ce ta kawo shi ba, jikin daɓen ne yake zuba. Ranar da ɓawo ya ɗago har yaro mai rarrafe ya sa farce ya ɓantare shi ya kai baki, magana ta ƙare, daɓe ya tashi.

Abin da aka fi yi a yau ɗayan biyu ne. Ko a je kasuwar Tasawa a yanko leda mai zanen furanni a shimfiɗa a rufe ɓarnar, ko kuma a haƙura ana share gari har ranar da ɗan da ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Kano zai aiko da kuɗin siminti. Ban raina ko ɗaya ba, kowa da aljihunsa. Damuwata ita ce duka biyun suna tsallake tambayar da tsofaffin mata suke fara yi kafin su ɗauki madaɓi: me ya tada shi? Wanda bai amsa wannan ba, ko me ya ɗora a kai, shi ma zai tashi.

Ƙasar Urafane jigawa ce, yashi ne mai laushi wanda gero da wake suke so, amma ba ya riƙe kansa. Wanda ya jiƙa yashin jigawa ya buga shi kwana bakwai, da ya bushe zai koma yashi. Don haka aikin daɓe a arewacin Tasawa da ƙasar Mayahi yana farawa ne da amalanke. A je bakin tabki ko fadama a haƙo laka, a nemo inda geza ta fito fili ko inda marmara take kusa a saro burji, wasu kuma su ƙara da ƙasar suri wadda gara ta riga ta tace. Laka ce mai ɗaurewa, burji shi ne ƙashi, yashi kuma yana hana lakar tsagewa idan ta bushe. Idan laka ta yi yawa daɓe zai dare gida-gida. Idan yashi ya yi yawa zai riƙa zubar da gari tun watan farko. Babu sikeli a wannan awo, hannu ne. Tsohuwa za ta dunƙula curi ta matse, ta sake shi daga tsayin ƙugu, ta duba yadda ya fashe.

Bayan an baje ƙasar, kaurinta ya kai yatsu huɗu ko fiye, a yayyafa ruwa a bar ta ta kwana ta sha. Washegari mata su jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta, su fara daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya zuwa ƙofa. Daga nan waƙoƙin daɓe suka fito, waɗanda ɗaliban adabin baka suke karantawa tare da na niƙa da na daka da na raino. Waƙar tana da aikinta a cikin aikin, ita ce ke sa madaɓai goma su sauka a tare da nauyi ɗaya, don kada wani gefe ya daku wani ya kwana da iska a cikinsa. Yarinya mai jini a jika takan zage ƙarfinta ta yi ta narka, sai ka ji an ce mata, “Ke ƴar nan, ba ƙarfi ake so ba, jeri ake so.” In ta gaji ta ce, “Inna, bai isa ba?” amsar ɗaya ce a ko'ina: bai isa ba sai madaɓi ya daina barin sawu. Kuma ba a gama bugu rana ɗaya. Kullum ƙasar na bushewa tana buɗe ƙananan tsage, kullum ana komawa ana rufe su da bugu, har ta daina buɗewa.

Sai a zo kan ruwan da ke ba daɓe launinsa da fatarsa. A kudu, wajen Katsina da Daura da Zariya inda ɗorawa take da yawa, makuba ake jiƙawa, wato ɓawon ƴaƴan ɗorawa bayan an cire garin da kalwa. Ɗorawa tana son ruwan sama fiye da wanda ake samu a Urafane, saboda haka a nan abin da ke kusa da hannu shi ne bagaruwa, wadda take fitowa a kwari da gefen tabki. A tsinto ƴaƴanta busassu, a daka a turmi, a jiƙa su kwana ko a dafa, a tace. Ruwan zai fito baƙi-baƙi, in ka ɗanɗana ya ɗaure maka harshe. Wannan baurin shi ne sinadarin da masana suke kira tanin, kuma shi ne dai majeman Maradi suke nema a bagaruwa idan za su jeme fatar jar akuya, fatar da ta yi suna har ƙasashen Turai. Tanin idan ya gamu da ƙarfe yakan yi baƙi. Dukawa sun san haka tun kafin a ba shi suna a makaranta, domin kulokon da suke baƙanta fata da shi daga kashin maƙera ake yin sa, kuma ba ya kamawa sai a fatar da ta sha bagaruwa. Jan da ke jikin marmara tsatsar ƙarfe ce. To, da ruwan bagaruwa ya sauka a kan daɓen marmara, sai launi ya juya ya yi duhu, saman ƙasar ya ƙara ɗaurewa, garin ya kwanta. A bi shi da dutse mai santsi ana goga yana ɗanye-ɗanye, sai ƙyalli ya fito.

Ba Hausawa kaɗai suka gano wannan ba. Matan Kasena na Tiyebele a kudancin Burkina Faso da dafaffen ruwan ɓawon ɗorawa suke shafe zanen bangonsu don ya jure damina, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar sarkin garin cikin jerin kayan tarihin duniya. A ƙasar Hausa kuwa, Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan wanda ya kafa gidan adana gine-ginen gargajiya a Jos, ya bi magina yana rubuta yadda ake haɗa makuba da laso da sauran kayan shafe, aka buga aikinsa a 1990 bayan rasuwarsa. Abin da ya rubuta a takarda, a ƙauyukan Tasawa har yanzu akwai hannuwan da suka san shi, ko da yake suna raguwa.

Kafin mu shiga gyara, sai mun rarrabe iri biyu na abin da ake shafa wa ƙasa ko itace, domin duk maganar wannan babi a nan ta rataya. Akwai abin da ke shiga jiki, akwai abin da ke kwanciya a kai. Kowace mace ta san bambancin lalle da jan farce. Lalle yana shiga, idan zai tafi a hankali yake kodewa, kuma ana iya ƙara wani a kan tsohon ba tare da an kankare komai ba. Jan farce yana kwanciya ne a sama, yana da ƙyalli tun ranar farko, amma in ya tashi lalacewa ɓantarewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa sai an goge shi duka an sake. Ruwan bagaruwa da man da ake shafa wa itace suna cikin kashi na farko. Banish ɗin kafinta da fenti da siririn simintin da ake malalawa a kan ƙasa suna cikin na biyu.

Mu duba katako, tun da a kansa wannan bambanci ya fi fitowa fili. A ƙasashen sanyi, Turai da Amurka, da katako ake shimfiɗa ƙasan ɗaki, sau da yawa na itatuwa masu taushi dangin fayin, a shafa masa launi ya yi duhu, a bi shi da banish mai tauri. A Urafane ba a daɓe ɗakin kwana da katako, gara ma ba za ta bari ba. Amma katako mai taushi ya cika mana gari ta wasu ƙofofin: ƙasan shagon da aka ɗaga daga ƙasa, kantar mai magani, teburin mai shayi, bencin makaranta, ƙyaure, da gado da kabad ɗin amarya. Shi ne kafintoci suke kira farin katako don su bambanta shi da jan katako mai nauyi da tsada. Galibinsa daga dazukan kudu ake sarowa, itacen da ake kira obece a Najeriya, wawa a Gana, samba a Kodebuwa. Ba shi da nauyi, ƙusa na shigarsa ba gardama, kuma yana shan duk abin da aka zuba masa. Don ya yi kama da jan katako sai a shafa masa launi, a bi da banish, a ajiye shi a bakin hanya yana walƙiya. Bayan hunturu ɗaya ko biyu, sai ka ga saman ya yi fari-fari, ya tsattsage, yana ɗagowa.

Dalilin farko yana cikin tafiyar da katakon ya yi. An yanke shi a ƙasar da iska take ɗauke da laima kusan duk shekara, aka ɗoro shi a mota zuwa ƙasar da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 idan hunturu ya kankama. Itace ko bayan an sare shi bai daina sha da fitar da ruwa ba. Da rani ya tsuke, da damina ya kumbura, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Banish mai tauri ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga ƙarƙashi, ya rasa hanyar fita, ya ɗaga fatar. Dalili na biyu taushin ne kansa. Ƙafar kujera ko ƙwayar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi tana lotsa farin katako, fatar da ke sama kuwa ba ta lotsuwa, karyewa take yi. Dalili na uku gaggawa ce, kuma shi ya fi yawa. Biki ya matso, mai kaya na tsaye a kan kafinta, sai a shafa launi da safe a bi shi da banish da azahar, launin bai bushe ba, ba a kuma goge rarar da katakon ya kasa shanyewa ba. Banish ɗin ya kwanta a kan maiƙo, bai taɓa kama itacen ba ko na rana ɗaya. Tun ran gini tun ran zane.

Mai gyara ya fara da gwaji a wurin da ido ba ya kaiwa. Ya sa bakin kwabo ya karta. Idan fatar ta karce kawai ba ta ɗago ba, tana nan da ranta, abin da take bukata wanki ne da ruwan sabulu don a cire maiƙon hannu da na abinci, a bar ta ta bushe, a bi ta da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu, a share ƙurar, a shafa sabon banish siriri. Idan kuwa ta ɗago fele-fele ta bar launi a jikin katakon, to tsakanin launi da banish ne aka samu rabuwa, kuma duk abin da aka ɗora a kanta zai tafi tare da ita. A nan ne mutane suke asarar kuɗinsu, su sayi gwangwani su malala a kan ɓawo, ya yi kyau mako biyu. Babu hanya sai a kankare har a iske itace. Kafintocinmu da fasasshen gilashi suke kankara, kuma yana aiki, in dai hannu ya bi tsawon jijiyar itacen. Daga nan samfefa mai kaushi, sai matsakaiciya, sai mai laushi, ba tare da an danna ba, domin farin katako nan da nan yake yin kwari. A kankare fallen katako ɗaya daga baki zuwa baki, kada a tsaya a tsakiya, domin sabon launi ba zai taɓa dacewa da tsoho ba, amma idan bambancin ya faɗo a kan mahaɗar katako biyu ido yana yafe shi. Katako mai taushi ba ya shan launi daidai, wani wuri ya sha da yawa ya yi dabbare-dabbare, shi ya sa gwanaye suke fara shafa masa banish da aka tsinka sosai da tina, ya toshe ƙishirwar, sannan launi ya biyo a goge rararsa da tsumma. A jira ya bushe har tsumma fari ya daina ɗaukar komai. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. A yi aikin a inuwa, ranar da ba ƙura, kuma a ɗaure hanci, musamman idan tsohon fenti ake kankarewa, domin wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, kuma yara ne ƙurarta ta fi cutarwa.

Ni da za a tambaye ni, duk katakon da ƙafa za ta taka ko hannu zai yini a kansa, mai zan zaɓa masa, ba banish ba. Masassaƙanmu da suke fafe turmi daga ƙirya da allo daga aduwa ba su taɓa neman fata mai ƙyalli ba, kuma kayansu suna kai jikoki. Sai dai ba kowane mai ba. Man gyaɗa ba ya bushewa, danƙo yake yi, ya tara ƙura ya kira kiyashi. Wanda ake so shi ne mai daskarewa idan ya sha iska, irin man linsid da ake samu wurin masu sayar da fenti a manyan garuruwa. Wanda ya yi aiki da shi kada ya dunƙule tsumman ya jefa a lungu, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa.

Mu koma ɗaki. Gyaran daɓe da kunne ake fara shi. A ɗauki guntun sanda a bi ɗakin ana ƙwanƙwasawa. Inda daɓe yake da lafiya sautin a dunƙule yake, inda ya rabu da ƙasan da ke ƙarƙashinsa sai ka ji yana amsawa fanko. Sau da yawa wurin da ya mutu ya ninka wanda ido yake gani. A zagaye shi da gawayi. Sannan a tsaya a nemi dalili. Idan gefen bango ne ya yi laushi, har da farin gishiri-gishiri a samansa, ruwa ne yake tasowa daga ƙasa, kuma maganinsa yana waje: tsakar gida ta fi ɗaki tudu, ko indararo yana zuba a gindin bango, ko makwararar wanka ta toshe. Wanda ya gyara ciki ya bar waje, damina mai zuwa zai sake. Idan ramuka ne ƙanana da hanyoyin laka, gara ce, sai an bi ta har gidanta. Idan bakin ƙofa ne, dokin ƙofa ya yi ƙasa, a ɗaga shi. Idan gindin randa ne, a yi mata mazauni na dutse ko a sa kasko a ƙarƙashinta. Idan kuwa duk ɗakin ne yake zubar da gari amma ko'ina sautinsa a dunƙule, an yi sa'a, fatar ce kawai ta ƙare. A share, a yayyafa ruwa kaɗan, a bi da madaɓi sama-sama, a ba shi ruwan bagaruwa sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, a goge da dutse. Aikin mace biyu ne, kuma ba ya cin ko dala.

Wurin da ya yi fanko sai an sare shi. A sa ƙaramar fartanya ko tsohuwar wuƙa a yanke har inda daɓen yake da ƙarfi, kuma bakin yankan ya tsaya a miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar bakin a kwance ana sirantar da sabuwar ƙasa a kan tsohuwa don kada a ga mahaɗa. Wannan siririn gefen shi ne zai fara ɓarewa. A kwashe duk abin da ya saki, a jiƙa ramin da bakinsa tun daren jiya, domin busasshiyar ƙasa tana tsotse ruwan sabuwa kafin su kama juna. A cika da irin ƙasar da aka yi daɓen da ita tun asali, in da hali daga ramin da aka haƙo ta farko. A zuba kaɗan a buga, a ƙara a buga, a bar ta ta ɗan fi tsohon daɓen tudu domin za ta sauka. Kwana uku ko huɗu ana komawa ana rufe tsaga. Idan aka zo shafa bagaruwa, a shafe ɗakin gaba ɗaya. Facin zai fi sauran haske a watan farko, amma da yake launin shiga jiki yake yi, kowane sabon shafi yana kusantar da su, har a wayi gari sai mai ɗakin kaɗai ta san inda aka yi aikin.

Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, an kai gero rumbu, hannuwa sun samu sarari, tabki bai ƙafe ba tukuna. Amma a rufe ƙofa da taga, domin iskar hunturu tana busar da sama ta bar ciki ɗanye. Daɓen da ya bushe a hankali shi ne mai daɗewa.

Abu ɗaya nake roƙo kada a yi: cike ramin daɓe da siminti. Ina ganin sa a gidaje da yawa, faci fari-fari a tsakiyar jan ɗaki. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, ba ya kuma barin laima ta fita, sai ta zagaya ta fito ta gefensa, ƙasar da ke kewaye da facin ta ruɓe, ramin ya faɗaɗa. Haka nan siririn simintin da ake malalawa a kan yashi don buhu ɗaya ya ishi ɗaki biyu. Wannan bai kai daɓen siminti ba, bai kuma kai na gargajiya ba, kuma idan ya farfashe babu madaɓin da zai gyara shi. Mun ga yadda farashin siminti yake tashi duk lokacin da iyakar Najeriya ta rufe, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga 2023 zuwa farkon 2024, duk da masana'antar Malbaza tana cikin ƙasa. A irin wannan lokaci magini yakan ƙara yashi ya rage siminti, mai gida kuma ya yi shiru don shi ma ya san abin da ya bayar. Ita kuwa leda, idan an shimfiɗa ta a kan daɓe mai lafiya busasshe, ba laifi. Idan an shimfiɗa ta a kan mai ciwo, laima ce take taruwa a ƙarƙashi, gara ta samu duhun da take so, ranar da aka ɗaga sai a iske ƙasa ta zama gari.

Kada a ɗauka ina kare ƙasa don son gargajiya. Ɗakin da ƙasansa yake a sake, inda yaro ke rarrafe cikin turɓayar da kaji suka bi, ɗakin cuta ne. A ƙasar Meziko, jihar Kowahuila ta fara wani shiri a shekarar 2000 mai suna Piso Firme, tana zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka maye ƙasa da siminti gaba ɗaya, tsutsar ciki a jikin ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81. Waɗannan alƙaluma ba abin wasa ba ne ga jihar Maradi, inda gudawa da tamowa suke cika asibitocin yara kowace damina. Wanda yake da halin zuba siminti mai kauri a kan ƙasa da aka daka da kyau, ya zuba. Amma abin da ya kare yaran can shi ne samun ƙasan ɗaki mai tauri wanda ake iya sharewa tas a goge. A Ruwanda, wata ƙungiya mai suna EarthEnable ta fara aiki a 2014 a kan wannan fahimta: a daka tsakuwa da yashi da laka, a shafe su da man da ke daskarewa, a samu daɓen da ake wankewa da ruwa a farashin da bai kusanci na siminti ba. Matan Tasawa sun riga su zuwa rabin wannan hanya da daɗewa. Abin da ya rage shi ne shafin ƙarshe, domin gaskiya ruwan bagaruwa yana taurara ƙasa amma ba ya hana ruwa shiga ɗungum. Wannan aiki ne da ya dace da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi: a gwada bagaruwa da makuba da mayukan da ake samu a ƙasar nan a kan burjin Tasawa da lakar Gulbin Kaba, a gaya wa mutane wanne ya fi riƙewa. Abin da ke ba ni takaici shi ne takardun ƙidayar gidaje, inda daɓen da mata goma suka buga mako guda da turɓayar da ba a taɓa ba duk suke faɗawa layi ɗaya, wai ƙasa ko yashi. Abin da ba a rarrabe a lissafi ba, ba za a ware masa kuɗin bincike ba.

Kayan aikin kam suna nan. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara jan hankalin manoman Maradi su bar kututturan gona su tofo maimakon a sassabe su, itatuwa sun dawo a jihohin Maradi da Damagaram a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Gawo ne ya fi yawa a jigawa, amma bagaruwa ma tana tsaye a kwari, ƴaƴanta suna zuba awaki na ci. Hannuwa ne suka yi ƙaranci. Daɓe aikin gayya ne, kuma da ɗakin amarya ake koyon sa: ƙawaye da gwaggwanni su taru, uwar amarya ta dama fura ta raba goro, yarinya ƴar shekara goma ta karɓi madaɓi idan wata ta gaji. Yanzu da aka koma yi wa ɗakin amarya siminti da leda, wannan makarantar ta rufe a gidaje da yawa, kuma matan da suka san awon laka da yashi da hannu yawancinsu sun haura hamsin. Ɗakin tsohuwa da ɗakin girki da zaure da rumfar baƙi har yanzu ƙasa ce, kuma za su daɗe a haka. Ƙungiyoyin mata masu asusu, waɗanda suke taruwa kowane mako a ƙauyuka da yawa na jihar Maradi, su ne suka fi kusa da ɗaukar wannan gayya: ɗaki ɗaya a mako daga Nuwamba zuwa Janairu, a fara da gidajen da suke da masu rarrafe, kuma kowace tsohuwa ta zo da ƴar da za ta riƙe mata madaɓi.